Ekar Yaro

Norris Bozman ɗan goggona ne, saboda haka ina da bakin faɗar abin da wasu ke jin nauyin faɗa: mutum ne mai sanyin jiki har ya ba ka haushi. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya dubi sama, ya dubi masararsa, sannan ya ce bari ya duba. A ɗakin sama na gidan gonarsu aka haife shi, kuma a wannan ɗakin yake kwana har ya kai shekara sittin da shida. Dalilinsa kaji ne. Yana da dubu arba'in a cikin dogayen ɗakuna biyu, in fankoki suka tsaya da zafi ƙararrawa za ta buga, in ba a je ba cikin rabin sa'a sai dai a kwashe gawa. Norris ya ce ba zai taɓa kwana inda ba zai ji ƙararrawar nan ba, kuma bai taɓa ba.

Ni kuwa sunana Verna. Shekara ashirin da biyu na yi ina rubuta bayanin taron kwamitin tsara ƙasa na gundumarmu. Duk shirmen da zan ba ku labari da hannuna na rubuta shi, har da kwanan wata.

Gonar eka ɗari da goma ce, ta mahaifiyarsa, Goggo Ola. Shekara arba'in da suka wuce, lokacin da mutanen birni na ƙetaren gada suka fara saye gonaki suna jera gidaje masu gareji biyu, ita da marigayi mijinta suka sa gonar cikin yankin kare gonaki. Aka shafa mata kore a taswirar ofis. In an shafa maka kore, ba ka da ikon ɗora ko bulo ɗaya don kwanan mutum. Ƙofa ɗaya aka bari: mai gona na iya roƙon a cire eka guda daga yankin don ɗansa ya gina gida. Mu nan ekar yaro muke ce mata.

Sai maganar Darlene Insley. Bazawara ce, shekararta sittin da uku, sana'arta shara da jinyar tsofaffi a gidajen mutane. Shekara goma sha tara Norris yana kai mata tumatir ran Laraba da ran Lahadi, ya zauna a barandarta ya yi shiru, ya tashi ya tafi. A wurinsa hira ke nan. Ita kuma, Allah ya sani, tana son sa, ban san me ta gani ba. Sharaɗinta ɗaya ne tun ranar farko.

"A gidan haya aka haife ni, a gidan haya na yi aure, a gidan haya mijina ya mutu," in ji ta. "Tsofaffi uku na yi jinya har suka cika a hannuna, washegari 'ya'yansu suka ce in ajiye mabuɗi a kan tebur. Ba zan ƙara ajiye wa kowa mabuɗi ba. Ka gina, in aure ka."

Ginin kuwa sai da sa hannun Goggo Ola, ita kuma ta kafe kai da fata.

"Yaro ne," haka take cewa duk wanda ya tayar da maganar. "Me zai yi da gida? Ko wando bai iya ninkewa ba."

Yaron yana zaune a gefe da furfura har cikin kunne, yana gyaɗa kai.

Da haka aka cinye shekara goma sha tara. A watan Afrilun bara mai gidan da Darlene ke haya ya sayar da shi, aka ba ta zuwa ƙarshen Nuwamba ta tashi. Ƙanwarta da ke Ohio ta ce ta zo, akwai ɗaki. Darlene ta gaya wa Norris a baranda, tumatir na kan cinyarta, cewa in Nuwamba ya ƙare babu takardar gini, ta tafi ke nan. Norris ya zo wurina ya zauna a kicin, ya juya hularsa fiye da sau hamsin. Na fusata, na ɗauki takardar neman ekar na nufi Goggo da kaina.

"Goggo, shekararki casa'in da huɗu. In kika tafi, wa zai ninke masa wandon?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke dai tun kina ƙarama ba ki da kunya."

"Ba ni da ita. Ga biro."

Ta sa hannu, bisa sharaɗin zai ci gaba da karyawa a gidanta kowace safiya, don ta ji an ce Darlene ba ta iya soya ƙwai ba.

Mai kula da takardun yankin a ofis shi ne Mista Kessler, mutumin ƙetaren gada. Ba mugu ba ne, ku ji ni da kyau. Yana dai son littafin doka kamar yadda wasu ke son jikokinsu. Na raka Norris wurinsa. Ya karɓi takardar, ya karanta, ya leƙa bayanmu.

"Madalla. Ina yaron?"

"Ga ni," in ji Norris.

"A'a, yallaɓai, ina nufin wanda za a cire wa ekar."

"Ni ne."

Mista Kessler ya dube ni, na ce masa ya rubuta kawai. Ya buga shekarar haihuwa a kwamfuta, kwamfuta ta ƙi. Ya sake bugawa, ta ce a duba, akwai kuskure. A ƙarshe ya ɗauko fom na takarda ya cika da hannu, yana karanta tambayoyin a fili saboda doka ta ce a karanta. Shin yaron ya fahimci abin da ake nema a madadinsa? Norris ya ce yana jin ya fahimta. Shin yaron zai zauna shi kaɗai ne ko da mai kula da shi? Norris ya yi dogon tunani ya ce da mai kula da shi.

A watan Yuni maganar ta zo gaban kwamiti. Nan aka buɗe shafi na gaba na littafin, wanda ni kaina na manta da shi: ekar da za a cire dole ta zama mafi munin ƙasa a gonar, wadda ba ta da amfani ga noma. Norris bai damu ba. Ya ce akwai lungun da ke bakin fadama, tsohuwar taswira ma ta nuna rairayi ne zalla. Aka tura mai auna ƙasa da ƙarfensa na haƙa.

Abin da Norris bai lissafa ba shi ne kansa. Tun yana ɗan shekara ashirin yake jin haushin lungun nan. Shekara arba'in da biyar yana zuba masa kashin kaji, yana shuka masa ciyawar da ke rufe ƙasa lokacin sanyi, yana tsince masa tsakuwa da hannu. Mai auna ƙasa ya dawo ya tsaya gaban kwamiti da ƙasa baƙa wuluk a cikin kwalba. Ya ce ya haƙa rami talatin da biyu a gonar Bozman, bai samu taki ɗaya na ƙasar banza ba, kuma lungun bakin fadama shi ne mafi kyawun ƙasar da ya taɓa gani a gundumar nan.

Ku zo ku ga Norris. Fuskar nan ta washe, ya miƙe ya je ya kama hannun mutumin da hannu biyu. Shugaban kwamiti, tsoho Purnell, wanda rabin taro a gyangyaɗi yake yin sa, ya farka ya fara tafi, sauran suka bi shi. Da aka gama tafin sai aka kaɗa ƙuri'a aka ƙi amincewa, har sai an samo eka marar amfani.

A wajen ajiye motoci Darlene ta wanke shi tas.

"Kai kaɗai ne a duniya za a hana aure ka bi mutane kana godiya."

"Ai kin ji abin da ya ce kan ƙasar."

"Na ji. Sai ka aure ta."

Purnell ne ya zo wucewa ya rage murya ya ce, a matsayinsa na maƙwabci ba shugaba ba, littafin bai faɗi tun yaushe ƙasar ta lalace ba. Ya shiga motarsa ya tafi.

To, sai Norris ya shiga aikin lalata eka ɗaya, kuma wallahi ban taɓa ganin wanda bai iya ɓarna ba kamarsa. Ya kafa turaku huɗu a lungun ya ce ya bar wa ciyawa. Bayan mako biyu na bi ta hanyar da safe na hango shi a durƙushe yana cire ciyawar. Na tsaya na danna masa hon. Ya ce hannunsa ne ya yi, shi wucewa kawai ya zo yi. Ya hau tarakta bayan ruwan sama ya yi ta kai da kawowa a wurin don ƙasar ta daskare, washegari ya kasa cin abinci, ya koma ya kafce ta. Ya sayo tsakuwa mota guda, aka juye a bakin wurin, ya tsaya yana kallon ta kwana uku, daga baya ya gyara hanyar coci da ita. Duk abin da ya yi wa ekar nan ƙara mata lafiya yake. A watan Agusta kabewa ta fito da kanta a wurin, ɗaya ta kai girman tukunyar biki.

Darlene ta fara roƙon kwalaye a shago. Duk Laraba in ya je sai ya tarar tulin ya ƙaru a baranda, har ya rasa inda zai ajiye tumatir.

A bakin lungun akwai kwalbati da ke fitar da ruwan gona zuwa fadamar da ta haɗe da teku, da murfin ƙarfe a bakinsa. In ruwan teku ya hau, murfin yakan rufe da kansa ya hana ruwan gishiri shigowa. Duk manomin da ke bakin fadama a nan ya san murfin nan shi ne ran gonarsa. Wata ranar Asabar a watan Satumba, da tsakar rana, Norris ya buga mini waya ya ce in zo in tsaya kusa da shi. Na same shi a bakin kwalbatin da bulo ɗaya a hannu.

"Baba ne ya sa murfin nan," ya ce. "Ni na riƙe masa ƙusoshi."

"Norris, in ka yi wannan ba a gyarawa a shekara ɗaya ko biyu."

"Na sani. Shi ya sa."

Ya ɗaga murfin ya tokare shi da bulon. Ruwan bai zo da ƙarfi ba. A hankali ya riƙa shigowa, yana bin kunya-kunya, yana ɗauke da 'yan ƙaguwoyi. Norris ya zauna a ƙasa yana kallo. Ni da na zo da niyyar tsokanarsa, sai ga ni ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Tausayinsa ya kama ni, haushin kwamitinmu ya kama ni, har da haushin kaina da nake rubuta musu bayani. Sau uku ya bar ruwan ya hau kafin ya cire bulon.

Zuwa Oktoba wurin ya yi fari fat da gishiri, kabewar ta ruɓe a inda take. Mai auna ƙasa ya dawo, ya haƙa, ya sinsina, ya ce ko ƙaya ba za ta fito a nan ba. Ya taya Norris murna. Wannan karon Norris bai miƙa masa hannu ba. Aka sa ranar ƙuri'a, Talata ta biyu a watan Nuwamba.

Saura kwana tara Goggo Ola ta rasu. Da hantsi ne, tana zaune tana yi wa mai karanta labarai a talabijin faɗa kan ɗaurin wuyansa, sai ta yi shiru. Muka binne ta ran Alhamis. Da aka buɗe wasiyya, ta bar wa Norris gonar duka, amma gidan da filin gabansa ta ce ya zauna iya rayuwarsa, bayansa na coci ne. Darlene ta ji wannan ta ce wato ko a can ma wata rana za a ce ta ajiye mabuɗi. Ba wanda ya iya cewa ƙarya take yi.

Ran Talata ɗakin taro ya cika, don kowa yana son ganin an ba Norris ekarsa. Mista Kessler ya tashi da littafinsa.

"Ina yi maka ta'aziyya, Mista Bozman. Amma akwai matsala. Yanzu kai ne mai gona."

"Haka ne."

"Ekar yaro ta ɗan mai gona ce. Kai ba yaro ba ne kuma."

"Makon jiya yaro ne ni."

"Makon jiya, ƙwarai. Takardar ta mutu tare da wadda ta sa mata hannu." Ya juya shafi, ya share gumi. "Sai dai in kai ne za ka nema wa naka ɗan. Kana da ɗa?"

Ko Purnell idonsa biyu.

"Ekar nake jira," in ji Norris.

Birona ya tsaya. Ban san yadda zan rubuta wannan a bayanin taro ba, sai na rubuta cewa mai nema ya amsa da a'a.

Na gaya muku Kessler ba mugu ba ne. Ya yi ta juya littafin yana neman mafita kamar mai neman allura a shara, can sai ya ɗago da murna. Ya ce a shafi na sha ɗaya an fassara kalmar ɗa: na cikin mutum, ko wanda kotu ta ba shi a matsayin ɗa. Ba a faɗi shekaru ba. In Mista Bozman ya je kotu ya karɓi Misis Insley a matsayin 'yarsa, ekar tata ce, da sunanta, har abada. Ɗaki ya kwashe da dariya, wani daga baya ya ce a sayo mata jakar makaranta. Lauyan gunduma ya jira dariyar ta lafa, ya ce ta fuskar doka maganar daidai ce, sai dai kowa ya sani mutum ba ya auren 'yarsa, kuma in aka gano dabara ce za a rushe ginin. Aka sake dariya, aka kaɗa ƙuri'a, aka ƙi amincewa. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba, kuma suna zaune kusa da juna.

Motar kaya daga Ohio ran Asabar ta ƙarshen wata za ta zo. Ran Laraba ina gidan Darlene ina taya ta naɗe kwanuka a jarida sai ga Norris, ba tumatir, da takardun kotu na karɓar 'ya a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Na cike nawa wurin. Saura naki."

Darlene ta karanta kan takardar, ta zauna a kan kwali.

"Norris Bozman, shekara goma sha tara ina jira ka zo mini da takarda, sai ka zo da wannan?"

"In kin tafi Ohio, ɗakin ƙanwarki ne. Wata rana mijinta zai ce yana son ɗakin."

"Ka san in na sa hannu shi ke nan? Ba aure a coci, ba komai. Ko hannuna ka riƙe a kasuwa sai wani ya kai ƙara."

"Na sani."

"To me za ka samu?"

Ya juya hular nan tasa. "Zan riƙa ganin fitilarki daga ɗakin kaji."

Na ce musu dukansu sun haukace, na ce su yi aure su kama haya a gari kamar mutanen kirki. Darlene ta ce ba ta ƙara haya. Norris ya ce daga gari ba a jin ƙararrawa. Na jefar da jaridar na fita baranda, raina a ɓace. Ina tsaye a can na ji ta ce masa ya ba ta biro.

A watan Janairu kotu ta kira su, ni ce shaida. Norris ya zo da sabuwar kwat mai ruwan toka, da gani ka san ba don kotu aka saye ta ba. Darlene ta sa shuɗiyar riga ta yi gyaran gashi. Muka zauna a benci tare da wasu ma'aurata biyu masu jarirai. Da aka kira mu, alƙaliyar ta dubi takarda, ta dubi su biyun, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Norris Bozman, ka amince ka karɓi Darlene Insley, ka kula da ita cikin lafiya da rashinta, kamar wadda ka haifa?"

"Na amince."

"Darlene Insley, kin amince?"

Darlene ta daɗe tana kallon gefen fuskarsa. Shi kuwa bango yake kallo.

"Na amince."

Alƙaliya ta buga hatimi. Magatakarda, wadda ta saba ba kowane yaro kyauta a irin wannan rana, ta rasa yadda za ta yi, sai ta miƙa wa Darlene jan balan-balan. Darlene ta karɓa ta yi godiya. Ta yi gaba ta nufi inda Mista Kessler ke jiran ta da sabon fom na ekar yaro, balan-balan na bin ta a sama.

Norris ya ja ni gefe a barandar kotun. Ya sa hannu a aljihun kwat ɗin ya ciro ɗan ƙaramin akwati, irin na zobe, gefensa duk ya goge saboda daɗewa a aljihu. Ya danƙa mini shi ya rufe hannuna da nasa.

"Ajiye mini a wurinki, Verna," ya ce. "Kada wata rana in manta in ba ta."